Bunsurun Kan Tudun Fomeleng

Ranar Litinin, a taron da aka yi a wani aji na makarantar firamaren Fomeleng, Anatole Tsafack ya miƙe ya yi kyauta da bunsurun da ba shi da ikon bayarwa.

Maganar da ta tara mutane ba ta da tsawo. Gasar tseren keke ta zagayen ƙasa za ta ratsa garin ranar Alhamis, a zangon da ke tasowa daga kwarin Santchou, ya haura dutse, ya ƙare a Dschang. Masu shirya gasar sun aiko cewa za su ja farin layi a kan tudu, daidai ƙofar coci, kuma garin da aka ja wa layi shi ke ba da kyauta ga mahayin da ya fara tsallake shi. Wani ya ce a ba da buhun dankali. Wani ya ce kaji biyu sun isa. Mathurin mai mashaya, wanda bai yarda akwai wani wasa a duniya bayan ƙwallon ƙafa ba, ya ce a ba su ruwan sha da fatan alheri, tun da dai magidanta ne suka zaɓi wahalar da kansu a kan abin da yara ke zuwa aike da shi.

Wannan maganar ce ta tayar da Anatole.

Anatole mai aski ne, amma ba da aski yake so a san shi ba. Shekaru da dama da suka wuce ya taɓa tuƙa babur a cikin gasar, yana goye da mutumin da ke rubuta tazarar lokaci a allo yana nuna wa mahaya. Bai daɗe a aikin ba. Wata rana ya saki hanya, ya kai mutumin da allonsa tsakiyar wata kasuwar tumatir, aka sallame shi. Tun daga ranar duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji yadda ake hawan dutse da keke, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

"Ni zan ba da bunsuru," in ji shi. "Baƙin nan mai gemu. Kun san shi."

Sun san shi sarai. Ranar Asabar mai zuwa ne za a yi babban bikin makokin surukinsa, marigayi Papa Kenfack, wanda ya rasu bara waccan. A irin wannan biki kowane mijin 'ya yana shigowa da bunsurunsa a gaban jama'a. Na Anatole, matarsa Honorine ta fi shekara tana kiwonsa, kuma tuni an kai shi gaban uwarta ta duba shi ta karɓa. Dabbar da aka nuna wa surukuwa ba a sauya ta. Wanda ya zo da wata, ko ya zo hannu sake, matan gidan suna da waƙar da suke yi masa, da sunansa a ciki, kuma irin waƙar nan ba ta mutuwa da bikin. Akwai wani direba a garin da aka yi wa ita tun kafin a kawo wutar lantarki, har yau yara na rera ta idan ya wuce.

Shugaban taron ya tambaya ko a rubuta. Anatole ya ce a rubuta da manyan baƙaƙe.

Labari ya riga shi zuwa gida. Ya tarar da Honorine a tsakar gida tana kirɓa gwaza, ba ta ɗago ba.

"Baban Flore, an ce ka yi rabon gado a makaranta."

"Zauna ki ji lissafin."

"Ina ji. Hannuna ne ke aiki, ba kunnena ba."

"Wa zai fara hawowa tudun nan ranar Alhamis?"

"Motar jandarma."

"Ƙaninki Rodrigue. Shi kaɗai, babu kowa a bayansa. Ya tsallake layi, bunsuru ya zama nasa. To, zai goya shi a keke ya kai Dschang ne? Dole ya bar shi a hannun yayarsa, wato ke. Bunsuru ya kwana a turkensa kamar bai je ko'ina ba. Ranar Asabar in ja shi in kai gidanku. Gari ya ga kyautata, surukai sun ga bunsurunsu. Wa aka cuta?"

Honorine ta jingine taɓarya.

"In wani ya riga shi fa?"

"Ba mai yiwuwa ba ne."

"Haka ka ce da za ka aske kan Fadan coci da sabon inji."

"Wancan matsalar wuta ce."

"Anatole, ka saurare ni da kyau. In aka fara waƙar nan ranar Asabar, ni ba bayanka zan tsaya ba. Cikin 'yan'uwana zan shiga, kuma ka san ni ke ba da waƙa a gidanmu."

Ya sani. A wurin wata waƙar ya fara ganinta.

Rodrigue shi ne autan marigayin, kuma mahayi ne a ƙungiyar wani kamfanin sabulu. Lokacin da uban ya rasu yana wata ƙasa yana tsere, bai samu jana'iza ba, kuma tun daga nan bai taka garin ba. Ko bikin Asabar ma ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba, don gasa sai Lahadi za ta ƙare. A daren Talata Anatole ya kira shi a waya.

"Autan Mama, yaya ƙafafu?"

"Ɓarawon yayata, yaya tumbi? An ce yanzu sai ka miƙa hannu sosai kafin ka kai kan mutum."

"Rabu da tumbina. Ka ji maganar bunsuru?"

"Na ji. Ka ajiye mini shi, tudun nan nawa ne. Tsaya in tambaye ka. Tsofaffin nan, abokan Baba, suna gari?"

"Suna nan, suna ta shirin Asabar. Me ya faru?"

"Babu komai. Ni dai wucewa zan yi, ƙafata ba za ta taɓa ƙasar Fomeleng ba."

"Haka ake so," in ji Anatole, da ya ɗauka maganar tsere ce.

Tsofaffin da Rodrigue ke nufi su ne Papa Temgoua da Papa Nguimfack. Su biyun ne marigayin ya raɗa wa sunan magajinsa kafin ya cika, kuma har lokacin ba su faɗa wa kowa ba. Magaji ba a roƙonsa, kama shi ake yi a bainar jama'a, a ɗora shi a kujerar uban, daga ranar ya zama shi ne uban gidan, da duk rigimar gonaki da ta aure da ta 'yan uba. Shi ya sa masu wayo ke nesa da gida. Kowa a garin ya riga ya yanke cewa babban ɗa ne, Célestin, ma'aikacin kwastan a Douala, wanda ya iso tun makon jiya da sabuwar babbar riga, yana yawo a wuraren da za a iya kama mutum cikin sauƙi.

Ranar Laraba da hantsi tsofaffin biyu suka shigo shagon Anatole suka ce aski suka zo. Dukkansu masu sanƙo ne. Anatole bai ga abin mamaki a ciki ba. Shagon cike yake da masu jiran bayani, har Mathurin ya bar mashayarsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa don ya samu abin dariya.

Anatole ya kaɗa kumfar sabulu, ya tsoma buroshi, ya zana hanyar a jikin madubi: miƙaƙƙen layi na kwari, gada, sannan hawan da ke murɗawa har sama.

"Ga yadda za a yi," in ji shi. "A nan kwari, tun da sanyin safiya, wasu 'yan tsiraru za su ɓalle daga ayari. Kada ku kula su. Masu son a ambaci sunansu a rediyo ne, dutse zai haɗiye su. Mai riga ruwan ɗorawa, wato wanda ke kan gaba a gasar duka, ɗan Maroko ne. 'Yan Ruwanda rigar nan suke so. To shi yana kallonsu, su suna kallonsa, kamar kyanwa biyu a gaban kifi ɗaya, babu mai son ya fara motsi."

"Sai su tsaya su sha shayi," in ji Mathurin.

"Sai Rodrigue ya fita. A nan, bakin gada. Ba wanda zai bi shi, don an ba shi tazara mai yawa a jimillar lokaci, ba ya tsorata kowa. Ga shi hanyar gidansu ce, a kanta ya yi dakon kabeji da keken babansa. Zai kamo waɗancan da suka ɓalle wajen ramin tsakuwa, ya wuce su kamar an dasa su. Kafin ya iso Kwanar Alade shi kaɗai ne."

Kwanar Alade ita ce kwana ta ƙarshe kafin coci, inda wata motar aladu ta taɓa kifewa garin ya yi mako yana biki.

Papa Temgoua ya gyara zama a kujerar aski.

"Ɗana, shi kaɗai ka ce?"

"Shi kaɗai, Baba. Daga shi sai babur ɗin alƙalin tsere."

"A wannan kwanar gudu yake yi sosai?"

"Ina fa gudu! Nan ne hawan ya fi tsanani. Keke kan koma tafiyar ƙafa."

"Tafiyar ƙafa ta saurayi, ko ta mutum irina?"

"Irin taka ma, Baba, in ka bar sandar a gida."

Tsofaffin suka dubi juna. Papa Nguimfack, wanda kunnensa ɗaya ne ke aiki, ya juyo da shi.

"Jandarmomi fa, a ina suke tsayawa?"

"Wasu sun yi gaba da jiniya, wasu suna baya tare da ayari. Sauran suna bakin layi suna kare kantoma."

"Hannuwansa duka biyu suna kan keken?"

"In ya saki ɗaya ya faɗi."

"Wannan 'yar rigar tasu mai santsi," in ji Papa Temgoua, "hannu na iya riƙe ta kuwa?"

Anatole ya ɗaga buroshi yana gargaɗi. "A'a, Baba, kada ku soma. Na san ƙauna ce, amma doka ta hana a tura mahayi. In kuka tura shi za a ci shi tara."

"Ba tura shi za mu yi ba," in ji Papa Temgoua.

Anatole ya ji daɗi ƙwarai. Shekara da shekaru yana bayani, bai taɓa samun masu tambaya mai ma'ana irin ta yau ba. Ya shafa wa kowannensu mai a sanƙo, ya ƙi karɓar ko sisi, ya raka su har bakin titi yana nuna musu da yatsa gonar ayabar da ke gefen kwanar, inda ya ce mutum zai ga komai ba tare da rana ta dame shi ba.

Ranar Alhamis aka rufe hanya tun da safe. 'Yan makaranta sun jeru da tutocin takarda, mata sun kafa tukwanen koki, wato alalan wake, da gasasshiyar agade, kantoman yankin ya zauna a ƙarƙashin rumfa, Célestin na gefensa cikin sabuwar riga. Anatole ya tsaya daf da farin layi, hannu ɗaya riƙe da igiyar bunsuru, ɗaya riƙe da ƙaramin rediyo a kunne. An wanke bunsurun, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ya riga ya cinye rabinsa. Daga inda suke ana hango Kwanar Alade a ƙasa sarai.

Abin da rediyo ya faɗa, Anatole ke maimaita wa jama'a da ƙarfi.

"Mutum biyar sun ɓalle a kwari! Me na ce?"

Bayan wani lokaci: "Ɗan Maroko ya ƙi motsi, 'yan Ruwanda na manne da shi! Mathurin, kana ji ko in ƙara murya?"

"Ko makaho ya san wannan," in ji Mathurin, amma ya matso kusa.

Sai mai sharhi ya ɗaga murya ya ce wani ɗan ƙungiyar sabulu ya fita daga ayari a bakin gada, babu wanda ya bi shi. Jama'a suka kaure da ihu. Da aka ce ya kamo na gaba a ramin tsakuwa ya wuce su, wata tsohuwa ta zo ta taɓa rigar Anatole ta shafa a fuskarta. Kantoma ya aiko a tambaye shi ko yana duba sakamakon jarrabawa ma. Honorine, da ke tsaye cikin 'yan'uwanta mata, ta kalle shi, karo na farko a makon, ba da harara ba.

Motar jandarma ta wuce da jiniya. Can ƙasa, a bakin kwana, Rodrigue ya ɓullo shi kaɗai, tsaye a kan feda, keken na rangaji dama da hagu, yana tafiya kamar mai taka laka. Babur ɗin alƙali na biye da shi.

Daga cikin gonar ayaba Papa Temgoua ya fito, ba sanda. Papa Nguimfack na bayansa, sai ƙarti shida na dangin. Ba su yi gudu ba, ba su buƙaci yi ba. Papa Temgoua ya jera da keken, ya yi 'yan taku tare da shi kamar mai rakiyar baƙo, sannan ya sa hannu ya riƙe 'yar rigar mai santsi. Hannu ya riƙe ta.

Har kan tudu aka jiyo muryar Rodrigue.

"Baba, don Allah! Ku bari in tsallake layi! Layin kawai!"

Ƙartin suka ɗaga shi sama tare da keken, don takalmansa a maƙale suke da feda. Ƙafafunsa suka ci gaba da juyawa a iska na ɗan lokaci. Papa Nguimfack ya cire masa hular kwano ya kifa masa hular marigayi, wani ya yafa masa shuɗin zanen gado, wani ya danƙa masa izgar doki. Matan gidan Kenfack suka gane abin da ke faruwa, suka saki guɗa, suka kwarara gangara da gudu, Honorine a gaba.

Alƙalin tsere ya diro daga babur yana busa usur, yana faɗin dokar da aka karya da lambarta. Papa Temgoua ya saurare shi har ya gama.

"Yaro, kai ɗan ina ne?"

"Bafang, Baba. Amma wannan gasa ce ta ƙasa da ƙasa..."

"To ka san abin da kake gani. Ubansa ne ya kira shi."

Alƙalin ya dubi hular, ya dubi izgar. Ya cire tasa hular kwanon, ya rusuna, ya tafa hannu ya gaida sabon maigida. Sannan ya ciro alƙalami ya rubuta cewa mai lamba goma sha bakwai ya bar tsere saboda dalilin iyali.

A ƙarƙashin rumfa, Célestin ya tuɓe babbar rigarsa, ya ninke ta da kyau, ya tambayi direbansa ko akwai mai a mota.

Anatole bai motsa ba. Rediyo na ta magana a kunnensa, bai ji ba. Yana nan tsaye wani siririn ɗan Ruwanda ya ratso ta gefen masu rawa, ya ɗaga musu hannu don ya ɗauka shi ake yi wa, ya hauro ya tsallake farin layi ya wuce. Ayari ya biyo baya, ya wuce. Motar ƙungiyar Ruwanda ce kaɗai ta tsaya. Makanikensu ya fito, wani gajere mai fara'a, ya tsuguna ya matsa ƙirjin bunsurun da cinyarsa kamar wanda ya tashi a kasuwar dabbobi, ya yi wa na cikin motar magana da yarensu, suka yi shewa.

Kantoma ya taso don a ɗauki hoto. Ya kama igiyar ta tsakiya, makanike ya kama ƙarshenta, Anatole ya ƙi sakin nasa ɓangaren.

"Malam Tsafack, saki mana," in ji kantoma ta gefen baki, yana murmushi wa mai hoto.

"Ranka ya daɗe, akwai ƙorafi. An tare na farko."

"Wa ya tsallake layi?"

"Amma lissafin daidai yake, kowa shaida ne!"

"Ba lissafi aka ce a ba kyauta ba. Saki."

Ya saki. Aka tura bunsurun kujerar baya tsakanin tayoyin keke, ya leƙo da kai ta taga, motar ta tafi.

Mathurin ya dafa kafaɗarsa. "Gaskiya na yarda da kai yau, malamin dutse. Ban taɓa ganin wanda ya faɗi abu ya faru tiryan-tiryan haka ba. Har inda za a tsaya a kama shi kai ka nuna."

An kafa kujerar marigayi a gindin wata bishiyar fiya a bakin kwana, an zaunar da Rodrigue. Gumi bai bushe masa ba. Daga wuya zuwa gwiwa maigida ne, daga gwiwa zuwa ƙasa ɗan tsere. Jama'a na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gaisuwa, yayyensa mata da suka yi masa wanka yana jariri suna durƙusawa suna ce masa Baba. Aka ce mazan 'ya'ya su matso.

Anatole ya matso. "Autan Mama, wallahi ni ban..."

Papa Nguimfack ya buga masa izga a ƙeya. "Wa kake kira haka? Surukinka ne. Cire hula."

Ya cire hula, ya rusuna, ya tafa hannu, ya kare bakinsa da tafi kamar yadda ake yi wa manya magana.

"Baba, barka da hawa kujera."

Rodrigue ya gyara hular marigayi a kansa.

"An ce kai ka zana musu hanya a madubi."

"Bayani ne na ilimi, Baba."

"Shekara biyu ina kauce wa garin nan. Ko motar da za ta bi ta nan ba na shiga. Na ce a keke dai ba mai kama ni, ga jandarma, ga alƙali, ga duniya na kallo." Ya nisa. "Da ƙafafun da na tashi da su yau, har Dschang ba mai kamo ni. Ka san ban taɓa cin zango ba?"

"Na sani, Baba. Na ma faɗa a shago cewa..."

"Kada ka ƙara faɗin komai a shago. Suruki, ina bunsuruna na Asabar?"

Anatole ya dubi hanyar Dschang.

"Wanda Mama ta gani ta karɓa nake nufi," in ji Rodrigue. "Ba wani ba. 'Yan Ruwanda na sauka a masaukin da ke bayan tasha. Na san su, na yi tsere a ƙasarsu, tsiren akuya ne abincinsu na murna. In ka yi sauri ka same shi da rai."

"An rufe hanya, Baba. Ba babur, ba mota, sai tsere ya gama wucewa."

"Keke na wucewa." Ya nuna nasa da izga. "Ga shi nan. Ka fi kowa sanin yadda ake yi."

Rabon Anatole da hawa keke tun kafin ya yi aure. Wannan kuwa sirdinsa bai fi faɗin wuƙar aski ba, kansa a ƙasa, bayansa a sama. Ƙarti biyu suka ɗora shi, suka tura shi har ya tsallake farin layi, abin da doka ta hana, jama'a suka yi masa tafi.

Bai yi nisa ba ragowar mahayan da dutse ya gajiyar suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne na waiwayowa. Daga nan sai ya ji ƙarar mota a bayansa. Motar tsintsiya ce, wadda ke bin mahayi na ƙarshe tana kwashe waɗanda suka sare, kuma sai ta wuce ake buɗe hanya. Ya tsaya ya ɗaga hannu.

"Ɗan'uwa, taimaka ka kai ni Dschang."

Direban ya leƙo. "Kai ɗan tsere ne?"

"A'a, mai aski ne."

"To ba na ɗaukar kowa sai ɗan tsere."

"To wuce, ka buɗe hanya in samu ɗan acaɓa."

Direban ya nuna lambar da ke maƙale a jikin keken. "Ba na wuce keke mai lamba. Aikina ke nan, shekarata tara a kai."

"To in cire lambar?"

"Alƙali kaɗai ke cire lamba."

"Ina alƙalin?"

"Yana Dschang."

Haka suka tafi, Anatole a gaba, motar tsintsiya a baya, bayanta kuma jerin motocin haya da na kabeji da aka tsare tun safe, suna ta oda. A kowane ƙauye mutanen da suka fara watsewa sai su dawo bakin titi. Wasu suka watsa masa ruwa, wata mata ta ba shi ayaba, wani malamin makaranta ya sa ɗalibansa su tafa wa dattijon da bai karaya ba. A hawa yakan sauka ya tura, motar ta rage gudu ta jira. A gangara yakan rufe ido.

Ya isa Dschang rana ta yi sanyi, an riga an kwance rumfar kammala tsere. Tun daga bakin tasha ya jiyo ƙamshin tsire.

'Yan Ruwanda mutanen kirki ne. Da makanike ya gane shi, sai ya rungume shi, ya gabatar da shi ga sauran a matsayin mai kyautar da ya biyo su a keke don ya taya su murna. Suka miƙe tsaye suka tafa masa. Suka ba shi kujera, ya ce ya fi son tsayuwa. Suka cika masa faranti. Ya yi niyyar ƙi, amma tun safe ayaba ɗaya ce a cikinsa. Ya ci, kuma ko a ransa bai iya musun cewa Honorine ta iya kiwo ba. Da zai tafi ya roƙi kan bunsurun, mai dafa abincin masaukin ya naɗe masa shi a takardar siminti.

Ranar Asabar gidan Kenfack ya cika har kan katanga. Mazan 'ya'ya suka shigo bi da bi, kowanne da makaɗansa da bunsurunsa yana turjewa. Anatole ne na ƙarshe. Ya shigo yana tafiya a tattale, ɗauke da babban tire an rufe shi da farin ƙyalle. Ya durƙusa da ƙyar a gaban surukuwarsa, wadda ke zaune kusa da sabon maigida, ya yaye ƙyallen.

Tsohuwar ta sa tabarau. Ta duba kunnuwan, ta ɗaga gemun, ta buɗe bakin ta ga haƙora. Makaɗa suka dakata.

"Shi ne," in ji ta. "Bai sauya ba. Ramewa dai ya yi."

Ta mayar da ƙyallen ta rufe. A bayanta matan gidan suka gyara ɗaurin zane, suka buɗe da'ira, Honorine ta shiga tsakiya ta yi gyaran murya.